Bayan Masu Dubiya Sun Watse

Maganar da muka kawo muku a wannan fitowa ta fara ne daga wani kuskure namu, saboda haka da shi za mu soma.

Wani ɗan'uwa a ikilisiyar da muke hidima, kafinta ne mai 'ya'ya huɗu, ya yi hatsarin mota a hanyarsa ta dawowa daga jana'iza a ƙauyensu. Tayar motar haya ce ta fashe. Ya karye a cinya, ƙashin ƙugunsa ya tsage, ya kuma bugu a kai. A makon farko mun yi abin da ya kamata. Mun cika asibiti har sai da ma'aikatan jinya suka roƙe mu mu riƙa shiga bibbiyu. Mata sun kai abinci, matasa sun kwana, an ɗauki baiko na musamman. Bayan mako bakwai aka sallame shi. Muka sanar a majami'a, aka yi tafi, aka yi waƙar godiya, kowa ya koma harkarsa.

Sai a wata na huɗu muka sake taka gidan. Mun tarar matarsa ta sayar da keken ɗinkinta, an koro babbar 'yarsu daga makaranta saboda kuɗi, shi kuma sau biyu ranar komawarsa asibiti tana wucewa don babu kuɗin shatar mota. Da muka zauna ya dube mu ya ce, “Baba Fasto, na ɗauka an manta da ni.” Ba mu da amsar da za mu ba shi. Babu wanda ya ƙi shi a cikinmu. Kowa dai ya ɗauka wani yana zuwa.

Mun tabbata ba ikilisiyarmu kaɗai wannan ya taɓa faruwa da ita ba. Mun iya dubiyar makon farko ƙwarai. Abin da ba mu koya ba tukuna shi ne jinyar wata shida ko shekara guda.

Girman al'amarin

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa mutane kusan miliyan 1.19 ne suke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Waɗanda suke jin rauni su rayu kuwa sun kai miliyan 20 zuwa 50, da yawansu da nakasa. Idan aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asarar rayuka. A nan Nijeriya, tun shekarar 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, amma duk wanda yake bin hanyoyinmu ya san tarkacen motocin da yake gani a gefen titi.

Mu kuma mutanen tafiya ne. Yawancin membobinmu a biranen Arewa suna da gida a wani wuri, a Filato ko Kudancin Kaduna, Adamawa, Taraba, Gombe ko Kudancin Borno. Biki, jana'iza, babban taron zumunta da Kirsimeti duk a kan hanya suke sa mu. Da wuya a sami ikilisiyar da za ta yi shekara biyu ba ta sami wanda ya ji rauni a mota ko babur ba. Tun da haka ne, bai kamata kowane hatsari ya same mu kamar ba mu taɓa jin irinsa ba.

Basamariye ya yi alkawarin dawowa

Duk mun san misalin da Ubangiji ya bayar a Luka sura 10. Yawancin wa'azinmu a kansa yakan tsaya a bakin hanya, inda firist da Balawe suka wuce, Basamariye kuma ya tsaya. Bari mu bi labarin har ƙarshe. Mutumin nan ya ɗaure raunuka, ya ɗora majinyacin a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya kwana yana lura da shi. Da gari ya waye ya ba mai masaukin dinari biyu, wato ladan ƙwadagon kwana biyu, sa'an nan ya ɗaure kansa da alkawari cewa zai komo ya biya duk abin da aka ƙara kashewa. Bai san nawa kuɗin zai kai ba, bai kuma san yaushe mutumin zai tashi ba. Ya kuma shigar da mutum na biyu cikin aikin, domin ya san shi kaɗai ba zai iya ba.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mu faɗa da gaskiya. A hanyoyin Arewa, sau da yawa waɗanda suke ciro 'yan'uwanmu daga cikin mota mutanen ƙauyen da ke kusa ne da direbobi masu wucewa, kuma yawancinsu Musulmi ne. Ba sa tambayar addinin mutum kafin su ɗauke shi. Haka ya faru da kafintan nan. Idan wanda bai san sunansa ba ya ɓata rigarsa da jini dominsa, mu da muke cin Jibin Ubangiji tare da shi, wane uzuri muke da shi? Ya kamata dattawa su nemi irin waɗannan mutane su je su yi musu godiya. Mu ma idan maƙwabcinmu Musulmi ya kwanta, ƙafarmu ta riga ta kowa zuwa.

Sallama daga asibiti ba warkewa ba ce

Abin da ya ruɗe mu shi ne kalmar nan “an sallame shi.” Asibiti yakan sallami mutum idan ya fita daga haɗarin mutuwa, ba don ya koma yadda yake a dā ba. Karayar ƙashin cinya ga babban mutum takan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ta haɗe, bayan haka kuma sai ya sake koyon tafiya, domin naman ƙafar da ta daɗe ba ta aiki yakan shanye, gwiwa kuma ta sandare. Shi ya sa likita yakan tura mutum sashen gashin ƙashi. Mutane da yawa suna ganin wannan kamar ƙarin kashe kuɗi ne, su daina zuwa, su ƙare da ɗingishin da za a iya kauce masa. Ɗan'uwa mai mota da zai ɗauki nauyin kai majinyaci wannan gashi sau ɗaya a mako ya yi hidima babba, ko da bai taɓa hawa bagade ba.

Wanda ya ji rauni a laka, ko wanda ba ya iya juya kansa, yana bukatar a riƙa juya shi kamar bayan kowace awa 2, a tsabtace fatarsa, shimfiɗarsa kuma ta kasance a bushe. In ba haka ba gyambon kwanciya yakan fito a ƙugu, duwawu da diddige, kuma wannan gyambo yana iya kashe wanda hatsarin bai kashe ba. Masu jinya su kula da waɗannan alamu, su koma asibiti ba jinkiri: zazzaɓi, ruwa ko wari daga wurin ɗinki, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ko wanda ya bugu a kai ya soma amai, yawan barci ko rikicewa.

Dole mu taɓa maganar masu ɗori. Mun san dalilin da ya sa mutanenmu suke zuwa wurinsu: suna kusa, kuɗinsu da sauƙi, ana kuma tsoron a yanke ƙafa a asibiti. Amma likitocin ƙashi a ƙasar nan sun daɗe suna kuka cewa ɗaurin da ya yi tsanani yana hana jini gudana har hannu ko ƙafa ta ruɓe, sai abin da ake gudu ya zama dole. Idan yatsu sun yi sanyi, sun canza launi, ko mutum ya daina jin su, wannan ba alamar magani yana aiki ba ce, maganar gaggawa ce. Karayar da ƙashi ya huda fata, da ta ƙugu, da ta ƙashin baya ko wuya, ba a kai su gidan ɗori. Muna da Asibitin Ƙashi na Ƙasa a Dala, Kano, tun shekarar 1959, akwai kuma likitocin ƙashi a asibitocin koyarwa. Idan rashin kuɗi ne yake sa iyali su cire mutum daga asibiti da dare, to matsalar ta ikilisiya ce, kuma a wurin ya kamata dattawa su shiga.

Haka kuma a lura da magungunan kashe zafi. Irin su tramadol suna da amfani a hannun likita na ɗan lokaci, amma matasa da yawa daga jinya suka fara, suka kasa bari. Kada mai dubiya ya sayo ƙwaya a kemis don tausayi.

Raunin da ido ba ya gani

Matar kafintan nan ta gaya mana cewa mijinta ya canza. Mutum mai haƙuri ya zama mai saurin fushi, yana mantuwa, ƙarar yara tana damunsa, da dare kuma yakan farka cikin gumi yana ihu. Wasu sun ce mata aljanu ne. Abin da likitoci suka sani shi ne, buguwar ƙwaƙwalwa takan taɓa hali da tunani, firgitar hatsari kuma takan bar mutum da mugayen mafarkai da tsoron shiga mota. Wanda ya tsira a motar da wasu suka mutu yakan riƙa tambayar kansa don me shi ya rayu. Direban da mutane suka mutu a hannunsa kuwa, nauyinsa ya fi na kowa, kuma shi ne aka fi gudu.

Mu yi addu'a da irin waɗannan 'yan'uwa, mu saurare su ko da labari ɗaya suke maimaitawa. Idan abin ya wuce wata guda bai ragu ba, ko mutum ya daina ci da magana, ko ya fara cewa gara ya mutu, a kai shi wurin likita nan da nan, kada kuma a bar shi shi kaɗai. Ganin likitan ƙwaƙwalwa ba hauka ba ne, ba kuma ƙarancin bangaskiya ba ne.

Mu kiyaye harshenmu

Abokan Ayuba sun zauna tare da shi kwana bakwai ba su ce kome ba, kuma wannan ne mafi kyawun abin da suka yi masa. Da suka buɗe baki suka soma neman zunubin da ya jawo masa masifa, a ƙarshe Allah ya tsauta musu. A Yohanna sura 9 almajirai sun so su san ko laifin wane ne ya sa aka haifi mutum makaho, Ubangiji kuwa ya ƙi ɗora laifin a kan mutumin ko iyayensa. Duk da haka har yau muna jin masu dubiya suna tambayar majinyaci ko yana ba da zakka, ko ya yi addu'a kafin ya tashi, ko akwai wanda suke rigima da shi a gida. Ta haka ake haɗa mutum gaba da kawunsa ko matar ubansa a kan zargin maita, alhali taya ce ta tsufa, ko gudu ya yi yawa, ko direba ya yi gyangyaɗi.

Muna kuma gargaɗi game da masu zuwa su ce wa mai karaya ya jefar da sandarsa ya tashi don ya nuna bangaskiya, ko ya daina shan magani. Mun gaskata Allah yana warkarwa. Mun kuma san Luka, wanda ya rubuta mana labarin Basamariyen, likita ne, kuma mishan da suka kawo mana bishara sun gina asibitoci a Vom, Garkida, Jos da Galmi tare da majami'u. Wanda ya taka ƙashin da bai haɗe ba saboda maganarmu, alhakinsa yana wuyanmu.

Dubiya kanta tana da ladabi. A tambaya kafin a je, kada a daɗe, kada a cika ɗaki da waƙa alhali mutum yana fama da ciwon kai, kada a sa matar gida ta shiga dafa wa baƙi abinci. Kada kuma a ɗauki hoton majinyaci a watsa a WhatsApp ba da yardarsa ba, ko da neman taimako ake yi.

Mai jinya ma majinyaciya ce

Kusan kullum mace ce take ɗaukar wannan kaya, mata ko uwa ko 'ya. Ita take kwana a ƙasa a asibiti, ita take ɗaga shi, ta yi masa wanka, ta zubar da fo, ga yara, ga sana'arta ta tsaya. Kowa yana tambayar jikin maigida, ba mai tambayar nata. Muna roƙon zumuntar mata su tsara wadda za ta karɓe ta ko da yini ɗaya a mako, ta yi barci, ta je kasuwa, ta je sujada. Maza kuma kada su bar mata ɗaga babban mutum da kai shi bayan gida. Wannan aikin zumuntar maza da matasa ne, kuma ya fi kare mutuncin majinyacin. Mutum huɗu ne suka ɗauki shanyayyen nan a Markus sura 2, domin gado yana da kusurwa huɗu.

Abin da ya sa nauyin ya fi yawa a kanmu

A ƙauyen da aka haifi mutum, dangi suna kewaye da shi. A Kano, Katsina, Gusau, Sakkwato ko Dutse, da yawa cikin membobinmu ba su da kowa sai ikilisiya. Akwai kuma waɗanda suka karɓi Almasihu su kaɗai a gidansu, dangantakarsu da iyali ta yi sanyi saboda haka. Idan irin wannan ɗan'uwa ya kwanta, akwai masu ce masa abin da ya zaɓa ne ya jawo masa. Mun gaya masa a ranar baftisma cewa ya sami sabon iyali. A kan gadon jinya ne zai gane ko gaskiya muka faɗa. Idan danginsa sun zo taimako, mu karɓe su da girmamawa mu yi aikin tare, gama jinya ta sha gyara zumuncin da ya lalace. Amma kada ya zama yunwa da kaɗaici ne suka yanke masa shawara a kan bangaskiyarsa.

Wasu dattawa za su ce, “Mu ƙaramar ikilisiya ce, albashin fasto ma da ƙyar muke biya.” Gaskiya ne, kuma ba mu raina wannan ba. Amma mu duba abin da muke iya tarawa cikin kwana uku idan aka yi rasuwa: akwati, motar kai gawa gida, abincin masu makoki. Kuɗin da muke samu don binne mutum, ashe za mu iya samun rabinsa don ya sake tafiya da ƙafarsa. Ban da haka, yawancin abin da muka lissafa a sama lokaci yake ci, ba kuɗi ba.

Shawararmu ga majalisun dattawa

Na ɗaya, duk lokacin da aka yi babban hatsari, a naɗa dattijo ɗaya da mace ɗaya daga zumunta su zama masu riƙe da maganar, su kawo rahoto a kowane zaman majalisa har sai mutumin ya koma aikinsa. Manzanni ma da aka yi kukan an manta da gwauraye, a Ayyukan Manzanni sura 6, mutum bakwai suka sa aka zaɓa aka ɗora musu aikin.

Na biyu, a buɗe asusun jinya tun kafin bukata ta taso, da baiko ko sau ɗaya a wata uku, da masu sa hannu biyu, a kuma karanta lissafinsa a gaban jama'a. Kada a ba da kuɗin duka a makon farko. A ajiye kaso don kuɗin mota, gashi, haya da makarantar yara. Ikilisiyoyin gunduma ɗaya su haɗa hannu su sayi keken guragu, sandunan dogarawa da katifa, a riƙa ba da aro.

Na uku, a rubuta sunayen masu niyyar ba da jini da rukunin jininsu. Mai lafiya daga shekara 18 zuwa 65, wanda nauyinsa ya kai kilo 50, zai iya bayarwa, namiji bayan kowane wata 3, mace bayan wata 4.

Na huɗu, mu san haƙƙinmu. Lambar kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014, a sashe na 20, ta hana asibiti ƙin ba mutum taimakon gaggawa. Doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da take biyan wanda ta ji wa rauni, amma sai da shaida ake biya. Saboda haka a sa mutum ɗaya ya adana lambar motar, rahoton 'yan sanda, takardun likita da kowane rasit, a kuma nemi shawarar lauya daga cikin 'yan'uwa.

Na biyar, mu shirya wa dawowarsa. A watan Janairu 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Mu dubi matakalar majami'unmu da ƙofar bayan gida. Buhun siminti kaɗan ya isa a yi gangaren da keke zai hau. Kafin ya iya zuwa, a kai masa Jibin Ubangiji a gida. Idan ya dawo, a mayar masa da aikinsa a ƙungiyar mawaƙa ko makarantar Lahadi. Dawuda bai aika wa Mefiboshet, gurgun ɗan Yonatan, da sadaka daga nesa ba. Ya mayar masa da gonakin kakansa, ya kuma zaunar da shi a teburinsa. Wanda ba zai iya komawa tsohuwar sana'arsa ba, a taimake shi da jari ko koyon wata.

A shekarar 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Lahadi ta uku ta watan Nuwamba a matsayin ranar tunawa da waɗanda hatsarin hanya ya shafa. Tana zuwa dab da tafiye-tafiyen Kirsimeti. Muna ba da shawara kowace ikilisiya ta yi amfani da ita, a yi addu'a domin masu jinya da waɗanda suka yi rashi, a ɗauki baikon asusun, a kuma yi wa direbobinmu magana a kan gudu, lodi fiye da kima, tafiyar dare da tsofaffin tayoyi.

Kafintan nan yau yana tafiya da sanda ɗaya. Ba ya iya hawa rufin ɗaki kuma, amma yana yin kujeru da tebura a zaune, kuma shi ya gyara bencin majami'armu. Mun roƙe shi gafara, ya yafe mana. Likita ya ce da bai rasa waɗancan makonni na gashi ba, da gwiwar ta fi haka lanƙwasuwa, kuma wannan ba abin da za mu iya mayar masa ba ne.

Saboda haka, ya dattawa, a zamanku na gaba ku tambayi juna: wane ne a cikinmu aka sallama daga asibiti, kuma yaushe rabon da wani ya taka gidansa? Zumunci a ƙafa yake. Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu, ya ba masu jinya sauƙi, ya kuma ba mu ƙaunar da ba ta gajiya. Amin.